Daga Bushiya Zuwa Cizon Kaska: Yadda Annoba Ta Sha Bin Hanyoyin Borno



A shekarar 2016 wasu masana na Jami'ar Maiduguri, tare da abokan aikinsu na ƙasashen waje, sun fitar da sakamakon wani bincike da ya shafe mu kai tsaye, sai dai bai yi amo a gari ba. Sun gwada jinin mutum fiye da 1,000 daga ƙananan hukumomi daban-daban na jihar Borno, suka tarar kusan mutum 1 cikin kowane 10 jininsa na ɗauke da shaidar cewa ya taɓa karo da wata cuta da ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Kaska ce ke yaɗa wannan cuta, kaskar nan da muke gani a jikin shanu da raƙuma da tumaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ta kwantar da mutum 100, tana iya kashe daga 10 zuwa 40.

A cikinmu akwai mahauta, akwai dillalan Kasuwar Shanu, akwai masu sana'ar fata, akwai masu lodin dabbobi zuwa kudu. Wanda ma ba ya ɗaya daga cikin waɗannan, ranar layya hannunsa ko na ɗansa yana cikin jinin rago. Don haka ya kamata mu san wannan cuta. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ta kuwa ita ce mu waiwayi annobar da suka gabace ta a ƙasar nan, mu ga ta inda suka shigo, da abin da ya tsayar da su.

Borno mararraba ce

Tun kafin a kafa Yerwa a 1907, ƙasar Borno mahaɗar hanyoyi ce. Fatake daga Kano da Katsina ta nan suke bi. Alhazan ƙasa, masu tafiya Makka a ƙafa, ta nan suke ratsawa zuwa Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, kuma da yawa daga cikin zuriyar Hausawan Njamena da Sudan 'ya'yan wannan tafiya ne. Shanun Fulani da na Shuwa suna kai da komo tsakanin Nijar da Chadi da Kamaru, suna bin ruwa da ciyawar Tafkin Chadi. A 1964 jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, daga baya manyan motoci suka karɓi aikin kai shanu Legas da sauran biranen kudu. Wannan zirga-zirga ita ce arzikinmu. Ita ce kuma ta sa duk cutar da ta tashi a gabas ko a yamma, ba ta daɗewa sai ta leƙo mu.

Bushiya: annobar da ta share garke

A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanun da aka kawo daga Indiya a tashar jirgin ruwa ta Massawa, a ƙasar Iritiriya ta yau, don ciyar da rundunarsu. A jikin shanun akwai cutar bushiya. Cikin shekara 3 zuwa 4 ta ratsa Habasha da Sudan ta iso yankin Tafkin Chadi, ta wuce yamma. A wurare da yawa shanu 8 ko 9 cikin 10 suka mutu. Fulani suka sa wa annobar suna "Sannu", domin ita ce kalmar da ta rage a bakin kowa. Makiyaya da dama sun wayi gari ba su da ko saniya ɗaya, wasu suka koma noma, wasu suka shiga garuruwa neman abin yi. Ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba Rabe ya shigo Borno a 1893 ya ƙone Kukawa.

Bushiya ta sake dawowa wajen 1913, da kuma wajen 1919. Ita ce babban dalilin da ya sa Turawan mulki suka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. Amma allura a ƙasa ɗaya ba ta wadatar ba, tunda saniya ba ta san iyaka ba. Ga shi kuma wasu makiyaya na gudun wurin allura, don tsoron kada a ƙirga musu dabbobi a ɗora musu jangali. Sai a 1962 Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa kai suka fara gangamin allura na bai ɗaya a nan yankin Tafkin Chadi, wanda daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ƙasashen Afirka da yawa. Cutar ta ja baya sosai har aka ɗauka an gama da ita. Aka sassauta allura, aka rage sa ido.

Ashe ta ɓuya a wasu lunguna na Mali da kudancin Sudan. A farkon shekarun 1980 ta taso daga ɓangarorin biyu, kuma mummunan zuwan 1983 ta gabas ya shigo, ta Chadi da Kamaru zuwa Borno. Dattawanmu da suka yi harkar shanu a lokacin ba sa buƙatar a ba su labari. An ƙiyasta asarar da Nijeriya ta yi a waɗannan shekaru da kimanin dala biliyan 2. Bayan wannan aka sake ɗaura ɗamara, a wannan karon aka haɗa allura da bin diddigin kowane rahoto har ruga, sai a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana a 1980.

Annobar da suka biyo sawun matafiya

Abin da ya sami dabbobi ya sami mutane. A 1921 wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa ya ɓulla a ƙasar Gini. Mutum zai yi kwanaki yana masassara, ta sake shi kamar ya warke, bayan mako guda ta sake kada shi. Ƙwarƙwata ce ke yaɗa shi ta tufafi. Ya bi hanyar fatake da sojoji da alhazai, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo arewacin Nijeriya wajen 1924, ya wuce Chadi, a 1926 ya isa Darfur. Shekara 5 ya yi yana tafiya a kan hanyar da kowa ya sani, yana kashe dubban mutane, amma babu wani tsari da zai sa garin da ke gaba ya shirya kafin ya iso.

Kwalara ma daga Gini ta fara a Afirka ta Yamma, a watan Agusta na 1970. Ba a yi shekara ba, a 1971, ta iso garuruwan masunta da kasuwannin bakin Tafkin Chadi. Zamanin mota da jirgi ya gajarta tafiyar shekara 5 ta koma watanni. Tun daga lokacin ba ta bar yankin ba. A watan Agusta na 2017 ta tashi a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage, ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar, ta kashe kimanin 60, kafin a shawo kanta a watan Disamba. Adadin mamatan ya zo da sauƙi idan aka kwatanta da yawan waɗanda suka kamu, saboda an kai rahoto da wuri, an buɗe wuraren jinya, an kuma ɗiga wa dubban ɗaruruwan mutane maganin rigakafi. Bayan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024 ta sake leƙowa.

Lassa: cutar da ta ɗauki sunan garinmu

A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa, a ƙaramar hukumar Askira/Uba ta yanzu. Magungunan zazzaɓin cizon sauro ba su yi mata komai ba. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgi zuwa Jos, a can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka garzaya da ita Amurka, ta sha da ƙyar. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cuta, suka sa mata sunan Lassa. Ɗaya daga cikin masanan, Jordi Casals, ya kamu a ɗakin gwaji, aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo, ya tashi. Wani ma'aikacin wurin kuwa bai tashi ba. A 1970 cutar ta ɓarke a Jos, ta kashe likita Jeanette Troup bayan ta yanke a yatsa tana binciken gawa. Sai da aka je Saliyo a 1972 sannan aka gane wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da ita, yana barin ta a abinci ta fitsari da kashinsa.

Binciken baya-bayan nan ya nuna wannan ƙwayar cuta ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan kafin 1969. Ke nan ta daɗe tana kashe mutanen karkara, ana cewa zazzaɓi ne, ko mayu, ko iska. Ranar da ta taɓa waɗanda aka rubuta ciwonsu a takarda, aka ɗebi jininsu aka aika gwaji, ranar ta sami suna. A 2017, bayan shekara 48, aka sake tabbatar da ita a jihar Borno, a jikin wata mata daga yankin Jere. An killace ta, an bi sawun duk waɗanda suka yi hulɗa da ita, abin bai bazu ba.

Shan-inna ta ƙara koya mana wannan darasi. Nijeriya ta yi shekara 2 ba a ga ko yaro ɗaya da ita ba, har an fara shirin murna, sai a watan Agusta na 2016 aka sami yara 2 a Gwoza da Jere. Da aka bincika ƙwayar cutar, aka ga jikar wadda aka gani a Borno a 2011 ce. Shekara 5 tana yawo a garuruwan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Sai da ƙasashe 5 na yankin Tafkin Chadi suka sake haɗa kai, kafin a kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da nau'inta na daji. Rashin rahoto ba ya nufin rashin cuta.

Kaska

Yanzu mu koma kan kaska. A 1893 wasu masana biyu a Amurka, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar da cewa kaska ce ke yaɗa wani zazzaɓin shanu mai sa fitsarin jini. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar cewa ƙwaro mai cizo na ɗaukar cuta daga wata dabba zuwa wata, shekara 4 kafin a kama sauro da laifin zazzaɓin da ke damunmu. Abin sha'awa, makiyayan can ne suka fara zargin kaska, masana suka yi ta yi musu dariya kafin gwaji ya gaskata su. Makiyayanmu ma sun daɗe da sanin cewa garken da kaska ta yi wa yawa shi kirci ke kamawa, shi ya sa ake tashi da sassafe a cire ta da hannu.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Tarayyar Sobiyet kimanin 200 da ke taya girbi a yankin Kirimiya suka kamu da zazzaɓi mai sa zubar jini. Gonakin sun yi shekaru ba a nome su ba, zomaye suka yawaita, kaska ta yawaita tare da su. A 1956 kuma aka sami wata ƙwayar cuta a jinin wani yaro a garin Kisangani na ƙasar Kwango. Babu wanda ya haɗa su biyun, sai a 1969 Jordi Casals, wannan dai da Lassa ta kusa kashewa a shekarar, ya nuna cewa abu ɗaya ne. Daga nan sunan ya samo asali.

A daidai waɗannan shekaru, masu bincike a Jami'ar Ibadan suna ɗibar jini da kaska daga dabbobin da ake yankawa, waɗanda yawancinsu daga arewa aka kai su. A 1970 suka bayyana cewa sun sami ƙwayar cutar a jikin shanu da akuya da kaska, har da bushiya, wato dabbar nan mai ƙaya. Ke nan fiye da shekara 50 ke nan da sanin cewa tana Nijeriya.

Kaskar da ta fi yaɗa ta ita ce mai ratsi-ratsi a ƙafafu, wadda masana ke kira Hyalomma. Tana son busasshiyar ƙasa irin tamu, tana son saniya da raƙumi, tana maƙalewa a ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi da nono. Ba ta jiran dabba ta zo, ita ke bin ta da gudu. Idan ta ɗauki cutar tana riƙe ta har mutuwa, tana kuma gadar wa ƙwayayenta. 'Ya'yanta ƙanana kan hau tsuntsaye masu ƙaura su tsallaka hamada da teku. A 2016 wani mutum ya mutu da cutar a Sifen bayan cizon kaska, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi ta kamu, kuma ƙwayar da aka samu dangin ta Afirka ta Yamma ce.

Ga inda ta bambanta da duk waɗanda muka lissafa. Bushiya tana kada saniya kowa ya gani. Kwalara ba ta ɓuya. Wannan kuwa dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar komai. Tana cin abincinta, tana ƙiba, dillali mafi ƙwarewa ba zai gane ba, alhali cutar na yin kusan mako guda a jininta. Mutum na kamuwa ta hanya uku: kaska ta cije shi, ko ya murtsuke ta da yatsa, ko ɗanyen jinin dabba ko na majinyaci ya taɓa masa rauni ko ido ko baki. Bayan kwana 1 zuwa 3 da cizo, ko kwana 5 zuwa 6 da taɓa jini, zazzaɓi zai faɗo masa farat ɗaya, da ciwon kai da na wuya da na baya, da jan ido, da amai. Wasu daga nan suke warkewa. Wasu kuwa bayan 'yan kwanaki sai haɓo, da jini a dasashi, da baƙaƙen tabo a fata. Mutuwa ta fi zuwa a mako na biyu. Har yanzu babu ingantacciyar allurar rigakafi da ta wadata, ga mutum ko ga dabba.

Ƙasashen da rayuwarsu ta yi kama da tamu sun ɗanɗana. A 1976 a garin Rawalpindi na Pakistan aka yi wa wani makiyayi tiyata ba a san abin da ke damunsa ba, likitan da ya yi aikin ya kamu ya mutu. Turkiyya ta fara ganin ta a 2002, kuma tun daga lokacin dubban mutane sun kamu. A Muritaniya ta ɓarke a birnin Nuwakcot a 2003. A Iraƙi, a watannin farko na 2022 kaɗai an sami rahoton mutum fiye da 200, da yawansu makiyaya da mahauta. A waɗannan ƙasashe hukumomi kan ƙara jan kunne duk lokacin da babbar salla ta gabato, saboda dabbobi na shigowa birni, ana kuma yanka a gida da hannun waɗanda ba sana'arsu ba ce.

Abin da tarihin ke ce mana

Idan mutum 1 cikin 10 da aka gwada a Borno ya taɓa karo da wannan cuta, amma da wuya ka ji an ambaci sunanta a asibiti, to muna inda mutanen Lassa suke kafin 1969. Alamominta na farko sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro da taifot. Mutum zai sayi magani a kemis, idan ya tashi a ce ya ji sauƙi, idan bai tashi ba a ce kwana ya ƙare. Likita kuwa ba zai yi zargin kaska ba sai an gaya masa.

Don haka abu na farko yana bakinmu. Duk mahauci ko makiyayi ko mai aikin fata da zazzaɓi mai zafi ya kama, musamman idan maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba cikin kwana 2, ya tafi asibiti ya faɗi sana'arsa, ya faɗi idan kaska ta cije shi ko ya yi fiɗa a makon. Idan aka ga jini a hanci ko a amai, kada a yi jinya a gida, kada a taɓa jinin ko tufafin da hannu tsirara. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, shi ke kai rahoto ga jiha, jiha ta kai ga hukumar NCDC a Abuja. Wannan sarƙa ba ta motsi sai wani ya buɗe baki a ƙasa.

Na biyu yana hannunmu. Ragon layya a saye shi da wuri in da hali, a nemi malamin dabbobi ya ba da maganin kaska mako 2 kafin yanka, a bi ƙa'idar maganin. Kada a murtsuke kaska da farce, a cire ta da ɗan hantsaki ko da leda a hannu, a jefa a wuta ko a kananzir. A daina sa yara wannan aiki da hannu tsirara. Mai yanka da mai fiɗa su sa safar hannu, wanda ke da rauni a hannu ya bar wa wani, a binne jini, a wanke wuƙa da hannu da sabulu. Naman da ya dahu sosai ba shi da matsala, haɗarin yana cikin ɗanyen jini da kaskar da ke saurin barin fata bayan an feɗe. Masu tara fatu su kula da wannan.

Shugabannin mahauta da na dillalai da ke cikinmu, ku ne kuka fi kowa sanin wanda bai fito kasuwa ba yau, da dalilin rashin fitowarsa. Idan mutum 2 ko 3 a layi ɗaya suka kwanta da irin zazzaɓin nan a mako guda, wannan labari ne da ya kamata ya isa ofishin lafiya a ranar. Tsoron kada a rufe kasuwa shi ne tsoron jangalin da ya hana kakanninmu kai shanu allura, kuma mun ga abin da ya biyo baya. Gemun Iraƙi da na Muritaniya ya riga ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa.

A tura wannan ga duk ɗan'uwan da ke harkar dabbobi, wanda ba ya karatu a karanta masa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya tsare mu da dukiyoyinmu.

Sakataren ƙungiya